Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙannena Masu Koyon Aikin Agajin Gaggawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena maza da mata da ke makarantu kuna karatun faramedik, wato aikin ba da agajin gaggawa kafin a kai mutum asibiti, da ku da kuka gama kuna zaune a gida takardar shaida na cikin jaka, ina gaishe ku da ƙoƙari. Ina fata kuna lafiya, iyaye ma suna lafiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wani ɗan'uwanku ne da aka turo mana sanin makamar aiki. Daren Alhamis ɗin da ta wuce muna zaune ni da shi a bayan motar asibiti, ƙofofi a buɗe saboda zafi, sai ya ce da ni, "Yaya, ni fa ina ganin ajiye karatun nan zan yi." Na tambaye shi dalili. Ya ce ranar Sallah ya je gaida kawunsa, a gaban jama'a kawun ya tambaye shi, "To kai yanzu in ka gama, likita za ka zama ko nas?" Ya ce ba ko ɗaya. Kawu ya ce, "To me?" Yana cikin kame-kamen bayani sai wani daga gefe ya ce ai irin masu ɗauko gawa ne a motar asibiti. Aka yi dariya aka wuce wurin, shi kuwa har daren da muke magana abin bai bar ransa ba. Ya ƙara da cewa mutum huɗu a ajinsu sun riga sun sauya sheƙa, kuma yayyensu da suka gama bara waccan har yanzu ba wanda ya kira su aiki.

Ban samu na ba shi amsa ba, domin kira ya shigo muka tashi. Amsar ce nake so in bayar yanzu, kuma na ga gara in ba ku ita ku duka, tunda na san ba shi kaɗai wannan tunani ke hana wa barci ba.

Abin da ya faɗa gaskiya ne. Sunan aikinmu bai zauna a bakin mutanenmu ba tukuna. Bahaushe ya san likita, ya san nas, ya san ungozoma, mai ɗori da wanzami kuwa tun kaka da kakanni ya san su. Mu ne bai san inda zai ajiye mu ba. Kuma yana da hujjarsa: a yawancin garuruwanmu in ka ga motar asibiti ta fito, ko dai gawa za ta kai gida, ko kuma an tura majinyaci daga ƙaramin asibiti zuwa babba, dangi ne suka zuba mai, babu kowa a bayan sai matarsa riƙe da ledar ƙarin ruwa. Wanda ya tashi yana ganin haka, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka iyakar aikin ke nan.

Ni abin da ya shigo da ni aikin nan wani abu ne da na yi da hannuna, wanda har yau in na tuna sai na yi istigfari. Ina ɗan shekara 19, muna hanyar Kano zuwa Zariya a motar haya, muka tarar wata ƙaramar mota ta ƙwace ta faɗa gefen titi. Muka sauka da gudu kamar yadda duk mai imani zai yi. Akwai wani magidanci kwance cikin ciyawa, idonsa biyu, yana magana sarai. Da kunnena na ji ya ce wuyansa na ciwo, hannuwansa kuma kamar ana tsira masa allura. Ba wanda ya tsaya a kan wannan magana. Mutum biyu suka kama hannuwa, ni da wani muka kama ƙafafu, kansa na reto, muka ruga da shi muka sa a bayan wata akori-kura. Wani ya kwara masa ruwa a fuska. Kafin motar ta tashi ya daina magana. Muka koma tamu motar ana ta sa mana albarka, ana cewa mun yi aikin lada.

Sai bayan shekaru, ina zaune a aji malami na zana ƙashin wuya a allo, yana nuna yadda lakar da ta ratsa cikinsa ke ɗauke da umarnin numfashi, sannan na gane abin da bawan Allah nan yake gaya mana a ranar. Da mutum ɗaya cikinmu ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu, aka nemo ko ƙyauren ƙofa ne aka kwantar da shi a miƙe, da mun yi masa abin da ya kamata. Rai na hannun Allah, wannan ba shakka. Amma mu sama da talatin ne a wurin, zuciyar kowa cike da tausayi, kuma babu ko ɗaya da ya sani.

Wannan tazarar, daga inda mutum ya faɗi zuwa ƙofar asibiti, ita ce gonarku. Likita komai ƙwarewarsa wanda aka kawo masa da rai yake jira. Ƙwaƙwalwa in ta rasa iska, cikin minti 4 zuwa 6 take fara lalacewa, kuma ba a garinmu za a kai mutum gaban likita cikin minti shida ba. Jinin babban mutum gaba ɗaya kamar lita 5 ne, karayar ƙashin cinya guda kuwa tana iya tsiyayar da fiye da lita ɗaya a cikin nama ba tare da ɗigo ya fito waje ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta. A ƙiyasinta na shekarar 2020, mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Ku da kuka fito daga ƙauye kun san yadda abin ke faruwa ba sai an karanta muku ba: jini ya ɓalle cikin dare, a yi ta shawara, a nemi babur, hanya ta yi nisa. Shi ya sa har direbobin ƙungiyar NURTW aka horar a jihohin Arewa da dama su riƙa kai masu naƙuda asibiti, Jigawa kuma ta yi shirinta na Haihuwa Lafiya. Ku tuna kuma daren 15 ga Oktoban 2024 a Majiya ta jihar Jigawa, lokacin da tankar mai ta fashe ta ci rayuka sama da 150, aka yi ta kwasar waɗanda suka ƙone zuwa Ringim da Haɗeja da duk abin hawan da aka samu. A irin wannan dare mutum guda da ya san cewa ruwa mai tsabta ake zuba wa ƙuna na tsawon minti 20, ba ɗanyen ƙwai ko makilin ko baƙin mai ba, wanda kuma ya san wa za a fara ɗauka wa zai iya jira, ba ƙaramin abu ba ne.

Na san yawancinmu ɗoki ne ya kawo mu: kayan aiki masu ƙyalli, jiniya, mota na keta gari ana ba ta hanya. Ba laifi, amma ɗoki wutar kara ne. Zangon farko bai ƙarewa sai ka same ka gaban sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da magunguna cikin harshen da ko Bature sai ya yi da gaske, ga kuɗin makaranta, ga kuɗin mota, ga yunwa. A nan ake fara zubewa. Abin da na ga yana riƙe mutum a wannan gaɓar, ni da duk waɗanda na san sun ɗore, shi ne ya zama kullum akwai wani abu da hannunka ya iya yau wanda jiya bai iya ba. Yabon mutane ba a hannunka yake ba, takardar ɗaukar aiki ma haka. Wannan kuwa a hannunka yake, kuma ba mai ƙwace maka shi.

Bari in faɗa muku yadda muka yi. A makarantarmu mutum-mutumin roba guda ɗaya ne na koyon danna ƙirji, mu kuwa mun kusa hamsin, kafin layi ya zo kanka lokaci ya ƙare. Sai muka cusa wa buhu soson tsohuwar katifa muka ɗaure tam, muka ajiye a ɗakin kwana. Bayan sallar isha'i mutum ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya durƙusa: danna 30, hura iska 2, saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfinta santimita 5 zuwa 6. Minti biyu kawai za ka yi ka ji kafaɗunka sun mutu, a nan za ka gane dalilin da ya sa aka ce a riƙa karɓar juna. Muka koyi ɗaure karaya da kwali da ɗankwali, domin mun san ba kullum za a samu kayan kanti ba. Da gangan mukan kashe fitila mu yi da hasken waya, tunda haɗari ba ya jiran a kawo wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da kake durƙushe a kan kwalta, mutum ɗari sun yi maka rumfa, uwa na kururuwa a kunnenka, abin da ka haddace jiya don jarrabawa guduwa yake yi. Abin da hannu ya maimaita sau ɗari biyar shi ke tsayawa tare da kai.

Ku sayi agogo mai hannun daƙiƙa, ko na ɗari nawa ne. Ku auna bugun jinin duk wanda ke gidanku, daga kaka har jariri, safe da yamma, har yatsunku su san bambancin bugu mai ƙarfi da wanda ke sulalewa kamar zare. Littafi zai ce maka na babba 60 zuwa 100 ne, numfashi 12 zuwa 20, amma sai ka taɓa wuyan hannu ɗari kafin ka ji a jikinka cewa wannan mutumin da ke cewa lafiyarsa ƙalau, fatarsa ta yi sanyi tana gumi, bugunsa na gudu, jini yake zubarwa a ciki. Kuma duk darasin da aka yi muku da Turanci, in kun koma gida ku zauna ku yi wa mahaifiyarku bayaninsa da Hausa. In ta gane, kun gane. In ta ce ba ta ji ba, to haddacewa kuka yi. Wannan ya fi taimaka mini fiye da duk wata dabarar karatu, kuma ribarsa biyu ce, domin a bakin aiki da Hausa za ku roƙi tsoho ya cire cokalin da yake turawa bakin mai farfaɗiya, da Hausa za ku hana a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara, da Hausa za ku ce kada a tsaga inda kububuwa ta sara ko a ɗaure shi tamau. In ba ku iya faɗa cikin ladabi da harshen da zai shiga kunne ba, iliminku zai tsaya a bakinku.

Kada ku yi karatun nan ku kaɗai. Ku nemi mutum biyu ko uku ku ƙulla, ku san gidajen juna, ku san halin da kowa ke ciki. A kowane mako akwai wanda gwiwarsa za ta yi sanyi a cikinku, sai sauran su ja shi. Mako mai zuwa shi zai ja wani. Ni na faɗi darasin magunguna na maimaita shi, na yi kwana uku ban leƙa aji ba don kunya, abokina ne ya zo har ɗaki ya ɗauki littafina ya ce in tashi. Yanzu shi ne ke koyar da wasu.

Akwai kuma ranar da ba a cika gaya muku ita a aji ba, ranar da mutum zai fara cikawa a hannunku. Tawa wata yarinya ce da ba ta wuce shekara bakwai ba, zazzaɓi ya hau kanta tana jijjiga, muka ɗauko ta daga wani ƙaramin asibiti za mu kai ta babba. Saura kaɗan mu isa ta tafi. Da na dawo wanke mota na tsinci takalminta na roba ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗan ƙarami, ruwan hoda. Na riƙe shi na rasa inda zan kai. Kwana biyu abinci bai shiga cikina ba, in na rufe ido fuskar mahaifinta nake gani yana cewa sannunku da ƙoƙari.

Wata Hajiya, babbar nas da ta haife ni a aiki, ita ta lura. Ta kira ni ofis ta rufe ƙofa ta ce, "Zauna ɗana, faɗa mini tun daga farko." Ƙarfe nawa kuka isa? Yaya numfashinta? Ta wane gefe ka kwantar da ita? Ka sa mata oksijin? Ina amsawa tana gyaɗa kai. Sai ta ce, "Ka auna sukarinta?" Na ce a'a, tsinken awo ya ƙare a jakar. Ta yi shiru, sannan ta gaya mini cewa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yakan karya sukarin yara, kuma ko da na auna ba lallai ne yarinyar ta tashi ba. Ta ce tambayoyi biyu ne, kada in taɓa haɗa su: kwanan yarinyar na Allah ne, ba a ɗora mini shi ba, jakar kuwa tawa ce, ni za a tambaya. Daga ranar ban sake hawa mota ban buɗe jaka na ƙirga komai da hannuna ba, har da duba ma'aunin tukunyar oksijin, ko da wanda na karɓa daga hannunsa ya rantse ya duba.

Na ga wannan rana ta karya mutane ta hanya biyu. Wani ya ɗauki dukkan laifin ya ɗora wa kansa har ya bar aikin. Wani kuma ya fake da "kwana ya ƙare" har zuciyarsa ta bushe, ya daina tambayar kansa komai. Ina roƙonku, in ranarku ta zo, ku nemi babba ku faɗa masa, ku yi kukan in ya zo, ku yi wa mamacin addu'a. In barci ya ƙaurace muku makonni, ko kuka ga kuna fargabar jin ƙarar waya, ku je ku ga likita, ba gazawa ba ce. Kuma don Allah ku nisanci ƙwayar da wasu ke haɗiya da sunan ƙarin ƙarfin aikin dare. Kun fi kowa kusa da ita, kun kuma fi kowa sanin inda take kai mutum. Ku yi allurar rigakafin ciwon hanta tun kuna ɗalibai, kada ku taɓa jini ba safar hannu ko da na ɗan'uwanku ne, domin zazzaɓin Lassa ya ci ma'aikatan lafiya a ƙasar nan ba sau ɗaya ba. In za ku ɗaga majinyaci ku durƙusa da gwiwa, bayan nan guda ɗaya gare ku.

Sai zaman jiran aiki, wanda a ganina ya fi karatun kansa cin rai. Ka gama, an yi walima, wata shida, shekara, ƙanenka na ganinka a gida. Ba ni da alkawarin da zan yi muku a kan wannan. Abin da zan iya shi ne in gaya muku inda aikin ya fito, ku auna da kanku.

A Amurka, zuwa 1966, kusan rabin motocin da ke kai marasa lafiya asibiti na masu sana'ar binne gawa ne, domin motarsu ce mutum zai iya kwanciya a ciki. Kun ga ashe sunan da aka kira ɗan'uwanku da shi a gidan kawunsa ba a kanmu aka fara ba. A 1967 aka kafa wata ƙungiyar agaji mai suna Freedom House a birnin Fitsbag, a unguwar baƙaƙen fata da ba a cika kula da kiransu ba. Aka ɗebo samarin unguwar, da yawansu ba su da aikin yi, wasu an riga an yanke musu ƙauna. Dakta Peter Safar, wanda ake dangantawa da kafa hanyar farfaɗo da numfashi da bugun zuciya da kuke koya yau, wanda kuma 'yarsa ta rasu sanadin asma a 1966, shi ya horar da su. Suka zama cikin na farko a ƙasar da ke yi wa mutum magani na gaske tun a kan titi. A 1975 hukumar birnin ta karɓe aikin ƙungiyar ta rufe, da yawansu ba su ci moriyar wahalarsu ba, amma tsarin horon da aka gina a kansu shi ya bazu. Kusa da mu, Gana ta kafa hukumar motocin agajinta ta ƙasa a 2004, bayan turmutsutsun filin ƙwallo na Akara na 9 ga Mayun 2001 da ya kashe mutum sama da 120, yanzu har makarantar horar da ma'aikatanta gare ta a Nkenkaasu. Legas ta fara nata a 2001.

A nan gida ma ƙasa ta fara motsi, ko da tafiyar ta hawainiya ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 aka fara shirin agajin gaggawa da motocin asibiti na ƙasa, wato NEMSAS, a Abuja, mai ɗaukar nauyin jinyar awa 48 na farko, ana kuma faɗaɗa shi zuwa jihohi. Ga lambar kiran gaggawa ta 112, ga 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra da ke kan tituna tun 1988. Ku san waɗannan dokoki kamar yadda kuka san sunanku, wata rana a ƙofar asibiti za ku buƙace su don majinyacinku. Duk wannan tsari kuwa ba zai tashi ba sai da mutanen da za su zauna a bayan mota. Ga shugabanni, in wasiƙar nan ta faɗo hannunku: mun ga motoci sababbi an yanka musu kirtani an ɗauki hoto, bayan wata uku suna ajiye ƙura ta rufe su, babu mai, babu ma'aikaci. Yaran da za su raya motocin nan suna gida da takardunsu. Ku buɗe musu gurbi, ku ba aikin matsayi da albashi sananne.

Kafin a buɗe, kada ku bar hannunku ya kwanta, domin wannan ilimi in aka bar shi wata shida tsatsa yake yi. Ku shiga Red Cross ta jiharku, ko 'yan agajin ƙungiyoyin addini da kuke gani a masallatan Juma'a da filin Idi. Ku tsaya bakin fili ranar hawan Sallah, inda doki kan kayar da mahayi, da ranar ƙwallon unguwa. Ku je tasha ku gaida shugabannin direbobi, ku roƙi rabin awa ku nuna wa direbobi da 'yan acaɓa da masu A Daidaita Sahu yadda ake danne rauni da yadda ake juya wanda ya suma ta gefe, tunda su ne ke fara isa wurin haɗari kafin kowa. In sana'a ce ta samu, ɗinki ko gyaran waya ko kasuwa, ku riƙe ta ku ci abinci, babu abin kunya a ciki. Abu ɗaya nake gargaɗinku da shi da babbar murya: kada talauci ya sa ku buɗe ɗaki a unguwa kuna rubuta magani kuna ƙarin ruwa ana kiranku likita. Na san kuɗin na shigowa, na san sunan na da daɗi a kunne. Amma ba abin da aka horar da ku ke nan ba, kuma ranar da aka samu kuskure rai ne zai tafi, sunan aikin da muke ta fafutukar ginawa ya bi shi.

Ƙannena mata, ku naku nauyin ya ninka. Ana ce muku aikin dare bai dace da 'ya mace ba, ana ce muku ba za ku iya ɗaukar ƙato ba. Ku gaya wa iyaye cikin ladabi cewa Rufaida Al-Aslamiyya, Allah ya yarda da ita, tanti gare ta a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma can Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Sau da yawa na tsaya a zaure ina jin nishin mace a ciki, maigida ya ƙi in shiga, sai abokiyar aikina ta wuce ta yi abin da ya kamata cikin minti biyar. Akwai ɗakunan da in babu ku ba za mu taɓa shiga ba.

Kiran da ya katse mana hira a daren Alhamis ɗin nan, wani ɗan acaɓa ne mota ta buge, ƙarfe ya yanke shi a cinya, jini na tsartuwa. Muka tarar an kewaye shi, wani ya ɗebo ƙasa zai zuba a raunin, wani na buɗe ledar ruwa zai ba shi. Kafin in sauke gado ɗan'uwan nan naku ya riga ya durƙusa. Na ji ya ce, "Baba don Allah kada a zuba, kai ɗan'uwa haska mini nan, sauran a matsa baya ya sha iska." Ya danne raunin da hannu biyu, da ya ga jinin ya ƙi tsayawa ya ɗaure cinyar ta sama, ya dubi agogo ya rubuta lokacin a jikin filasta ya manna. Hannunsa na rawa, amma bai tsallake komai ba. A sashen gaggawa shi na bari ya yi bayani, ya faɗi lokacin da muka isa, da bugun jinin a can da na cikin mota, da lokacin ɗaurin, likita na rubutawa. Muna fitowa wani dattijo da hularsa a hannu ya tare shi ya ce, "Likita, yaya ɗana?" Ya ce, "Baba ni ba likita ba ne, ni na ɗauko shi daga titi. Jinin ya tsaya, yana magana, likita na kansa yanzu." Dattijon ya kama hannunsa da nasa biyun ya daɗe bai saki ba.

Muka koma muka wanke mota ni da shi har aka yi kiran assalatu. Ƙanena, na sa sunanka a jerin aikin mako mai zuwa. Ranar Litinin ƙarfe bakwai za mu duba jaka da tukunyar oksijin, ka zo da agogonka.

Wassalam.

Yayanku a bakin aiki.